Kunnen Bakwaini: Abin da Jariri Ke Ji Daga Cikin Kwalba

Idan labari ya iso gida cewa an sauka amma an sa jaririn a kwalba, tambayoyin dangi sanannu ne. Yana numfashi da kansa? Ya fara karɓar nono? Nawa ne nauyinsa? Yaushe za a sallamo su? Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ke shiga kunnen yaron a makonnin da zai kwashe a ciki. Yawancinmu mun ɗauka cewa ɗan mitsitsin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wanda kusan kullum idonsa a rufe yake, bai san abin da duniya ke ciki ba. Binciken da likitoci da masana ƙwaƙwalwa suka shafe fiye da shekara 40 suna yi ya nuna ba haka abin yake ba. Bakwaini yana ji, kuma jikinsa yana amsawa. Bugun zuciyarsa yakan sauya idan aka ƙwanƙwasa murfin kwalba, iskar oksijin da ke jininsa takan ragu idan ƙara ta firgita shi, yakan kuma natsu idan mahaifiyarsa ta sunkuyo ta yi masa magana.

Lamarin ya shafi gidaje da yawa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, ko da ya wuce wata bakwai. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Ƙasashe biyar ne ke ɗauke da kusan kashi 45 cikin 100 na wannan adadi: Indiya, Pakistan, Najeriya, Sin da Habasha. Da yawa daga cikin yaran nan suna rayuwa yanzu, albarkacin kwalba da oksijin da magunguna. Tambayar da ta biyo baya ita ce irin ƙwaƙwalwar da za su fita da ita, kuma a nan ne sauti ke da babban rabo.

Kunne ya riga ido

Kunne yana cikin gaɓɓan da ke fara aiki tun yaro yana ciki. A 1983 likitoci biyu a Amurka, Jason Birnholz da Beryl Benacerraf, sun riƙa ɗora na'ura mai ƙara a kan cikin mata suna kallon tayin ta hoton ciki. Sun ga tayi yana fara ƙifta ido saboda firgita a wajen mako na 24 zuwa 25, kuma bayan mako na 28 amsawar ta zama tabbatacciya. A 1994 Peter Hepper da Sara Shahidullah a birnin Belfast suka gano wani abu muhimmi: sauti mai kauri tayi ke fara ji, siririn sauti mai kaifi kuwa sai can wajen mako na 33 zuwa 35 kowane tayi ke amsa shi.

Wannan tsari ya yi daidai da yanayin mahaifa. Cikin uwa ba wurin shiru ba ne. Akwai bugun zuciyarta, da gudun jini a jijiyoyi, da kukan hanji, da numfashinta. Sautin waje yakan ratsa fata da tsoka da ruwa kafin ya isa, a hanya kaifinsa ya dakushe, kaurinsa ya wuce. Kamar mai jin hirar maƙwabta ta bayan katangar ƙasa ne: kalmomin ba su fita sosai, amma hawa da saukar murya da saurinta da jinkirinta duk suna isowa. Muryar uwa ta fi kowace ƙarfi a wurin, domin ita ta cikin ƙashi da naman jikinta take bi ta kai ga ɗanta.

A watanni ukun ƙarshe yaro yana koyo daga wannan sauti. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer sun ba jarirai da ba su wuce kwana uku ba wata robar tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda salon tsotsonsu ne ke zaɓar muryar da za a kunna musu. Jariran suka riƙa daidaita tsotson don su ji muryar iyayensu mata, ba ta wata baƙuwar mace ba. A 2009 tawagar Kathleen Wermke ta Jami'ar Würzburg ta nazarci kukan jarirai 60 'yan kwanaki, rabi Faransawa rabi Jamusawa. Kukan 'ya'yan Faransawa ya fi yawan hawa a ƙarshe, na Jamusawa ya fi yawan sauka, daidai da karin harsunan biyu. Daga baya tawagar ta saurari jariran al'ummar Nso da ke arewa maso yammacin Kamaru, masu harshe mai karin sauti, ta tarar kukansu ya fi na 'ya'yan Jamusawa yawan hawa da sauka. Hausa ma harshe ne da hawa da saukar murya ke bambance ma'anar kalmomi a cikinsa, kuma wannan ɓangaren na magana shi ne mahaifa ta fi bari ya ratsa.

Bakwainin da ya zo a mako na 28 ya rasa kusan wata uku na wannan makaranta. Amma bai zo da kunne a toshe ba. A 2013 masu bincike a asibitin Amiens na Faransa, cikinsu har da Fabrice Wallois da Ghislaine Dehaene-Lambertz, sun ɗora na'urar da ke auna gudun jini a ƙwaƙwalwa ta hanyar haske a kan jariran da aka haifa tsakanin mako na 28 da 32. Suka tarar ƙwaƙwalwar yaran tana bambance "ba" da "ga", tana kuma bambance muryar namiji da ta mace. Wannan fa a lokacin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba su ma gama isa mazauninsu ba.

Daga mahaifa zuwa ɗakin injuna

Duniyar da bakwaini ke faɗowa cikinta kishiyar wadda ya baro ce. Bugun zuciyar uwa ya ɓace, muryarta ta yi nisa. Abin da ya maye gurbinsu shi ne gurnanin injin kwalba dare da rana, ƙararrawar na'urorin lura da numfashi, huci da tafasar ruwa a bututun oksijin, ƙarar ƙarafa a kan tire, wayar salula, jan kujera, da muryoyin ma'aikata a lokacin miƙa aiki. Yawancinsu sirara ne masu kaifi da ke zuwa ba zato, irin waɗanda mahaifa ke tacewa. A asibitocinmu akwai ƙarin janareta da fanka da cunkoson gadaje.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ninki biyu. A 1997 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin jinyar jarirai ta wuce desibel 45. Awon da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna ɗakunan sukan zarce wannan iyaka a mafi yawan lokaci. Jadawalin da ƙungiyar ta fitar ya nuna abin da yaro ke ji daga ciki: tafasar ruwa a bututun numfashi desibel 70, ƙwanƙwasa kwalba da yatsa 80, rufe ƙofar ƙarfen durowar da ke ƙarƙashinta 90, rufe 'yar tagar roba ta kwalbar 100, sakin kan katifa ya faɗi 120. Bangon kwalba yana rage wasu muryoyin waje, amma duk abin da ya taɓa jikinta amsa-kuwwa yake yi a ciki.

Jikin yaro ba ya ɓoye abin da hakan ke yi masa. Tun 1980 wani ɗan bincike da Jerold Lucey da abokan aikinsa suka yi a jihar Vermont ya nuna ƙarar ba-zata tana sa bakwaini ya zabura ya yi kuka, sai oksijin na jininsa ya sauka, matsin da ke cikin kansa ya hau. A 2012 Pierre Kuhn da tawagarsa a Strasbourg suka nuna ba sai an yi babbar ƙara ba: ƙarin desibel 5 zuwa 10 kawai a kan ƙarar da ke ɗakin ya isa ya sauya bugun zuciya da numfashin yaro, ko da yana barci. Barci kuwa a wurin bakwaini aiki ne, a cikinsa ƙwaƙwalwa ke ƙulla jijiyoyinta, jiki ke ajiye ƙarfin da zai zama tsoka. Duk zaburar da ya yi, ya ƙone abin da ya kamata ya zama nauyi.

Shiru ma yana da illa

Da aka fahimci haka, manyan asibitoci a ƙasashe masu arziki suka fara gina wa kowane jariri ɗakinsa shi kaɗai. Sai wani sakamako ya fito daga birnin St. Louis a 2014 wanda ya ba kowa mamaki. Roberta Pineda da Terrie Inder sun bi diddigin jarirai 136 da aka haifa kafin mako na 30. Da suka kai shekara biyu, waɗanda aka yi jinyarsu a keɓantattun ɗakuna sun gaza na babban ɗaki a gwajin magana. A wannan asibiti iyaye da yawa ba su samun zuwa akai-akai, saboda haka yaran suka yi makonni cikin tsit, ba mai ce musu uffan. An kare su daga hayaniya, an kuma raba su da muryar ɗan'adam.

Binciken Melinda Caskey da Betty Vohr a birnin Providence ya haska ɗaya gefen. Sun sa wa jarirai 36 'yar na'urar naɗar sauti ta sa'o'i 16 a mako na 32 da na 36. Maganar mutane ba ta wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na abin da yaran ke ji ba, sauran duk injuna ne da hayaniya da shiru. Duk da haka, tun a mako na 32 yaran sun fara fitar da 'yan sautukansu, kuma sun fi yi idan uwa ko uba na kusa suna magana. Da aka sake duba su a wata 7 da wata 18, waɗanda suka fi jin maganar manya a asibiti sun fi samun maki a gwajin harshe da fahimta.

Darasin ya fito fili. Abin da bakwaini ke bukata shi ne a rage masa ƙarar ƙarfe, a ƙara masa muryar mutum.

Muryar uwa a matsayin jinya

A asibitin Brigham and Women's da ke Boston, Amir Lahav da abokan aikinsa sun naɗi muryar iyaye mata suna magana da karatu da waƙa, haɗe da bugun zuciyarsu, suka tace sautin ya yi kama da na cikin mahaifa. Daga cikin jarirai 40 da aka haifa tsakanin mako na 25 da 32, kusan rabi an riƙa kunna musu wannan sauti na sa'a uku a kullum. Bayan wata guda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɓangaren da ke sarrafa ji ya fi girma a wurinsu. An wallafa sakamakon a 2015. Ƙaramin bincike ne, amma ya nuna cewa abin da kunne ya ji yana barin shaida a jikin ƙwaƙwalwa.

Muryar uwa tana taimakawa wajen tsotso, wanda shi ne babban shingen da ke tsakanin bakwaini da komawa gida. A Nashville, Olena Chorna da Nathalie Maitre sun yi gwaji da jarirai 94, aka ba wasunsu robar tsotso wadda ke kunna waƙar uwar yaro idan ya tsotsa da ƙarfin da ya dace, minti 15 a rana har kwana biyar. Yaran da aka yi wa haka sun rabu da bututun abinci kusan mako guda kafin sauran.

Tana kuma rage zafi. Bakwaini yana shan tsira a dunduniya sau da yawa don ɗibar jini. A asibitin Parini na Aosta a Italiya, Manuela Filippa da Didier Grandjean na Jami'ar Jeniba sun lura da jarirai 20 a lokacin wannan tsira: wata rana uwar ba ta nan, wata rana tana magana, wata rana tana waƙa, ba tare da ta taɓa yaron ba. A ma'aunin zafi mai maki 21, alamun ciwo sun sauka daga 4.5 idan ba ta nan zuwa 3 idan tana magana, da 3.8 idan tana waƙa. Sinadarin oksitosin, wanda ke kwantar da hankali, ya ƙaru a yawun yaran lokacin da take magana.

Waƙa da kiɗa

A 2013 Joanne Loewy ta asibitin Beth Israel na New York ta jagoranci gwaji a kan jarirai 272 a asibitoci 11. An yi amfani da 'yan kayan kiɗa masu kwaikwayon bugun zuciya da motsin ruwan mahaifa, da kuma waƙar reno da iyaye suka zaɓa daga al'adarsu, ana rera ta kai-tsaye a hankali, ana bin numfashin yaron. Bugun zuciyar yaran ya lafa, tsotso da barcinsu suka gyaru, damuwar iyayen ma ta ragu. A Jeniba kuwa, tawagar Petra Hüppi ta sa makaɗi Andreas Vollenweider ya tsara kiɗa na musamman da garayar Turawa da ƙararrawa da sarewar masu wasa da maciji ta Indiya. Hoton ƙwaƙwalwa da aka wallafa a 2019 ya nuna sassan ƙwaƙwalwar yaran da suka saurara sun fi haɗuwa da juna, sun matso kusa da na 'yan wata tara.

Sai dai masana suna taka-tsantsan. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2023, wadda ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta tarar amfanin da ya fi tabbata shi ne lafawar bugun zuciya, ba ta kuma ga hujjar cewa kiɗa yana ɗaga makin yara a gwajin girma na daga baya ba. Ke nan ba kowane sauti mai daɗi ne magani ba. Ajiye waya ko rediyo a cikin kwalba haɗari ne, ko da karatu ake kunnawa, domin ba wanda ya auna ƙarfinsa a ciki, kuma na'ura ba ta ganin lokacin da yaro ya gaji. Uwa tana gani. Idan ya baje yatsu, ya yi hamma ko shaƙuwa, ya kau da kai, ya banƙare, ko launinsa ya sauya, yana neman a sarara masa ne.

Kunnen da ke cikin haɗari

A cikin jarirai lafiyayyu, ɗaya zuwa uku cikin 1,000 ne ake haifa da matsalar ji mai ɗorewa. A cikin waɗanda suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman, adadin yakan kai biyu zuwa huɗu cikin 100. Dalilan sun haɗa da ƙarancin oksijin, sanƙarau da sauran cututtukan jini, shawara mai tsanani, da wasu allurai irin su jentamaisin, wadda ke ceton rai amma take bukatar a kiyaye adadinta da tsawon kwanakinta. Shawara ta fi damun yankinmu. Idan idon jariri da fatarsa suka yi rawaya, asibiti za a nufa nan take. Shanya shi a hantsi ko ɗura masa ruwan sukari ɓata lokaci ne, kuma kafur da ake sawa a kayan jarirai yana iya tsananta ciwon ga wasu yara.

Gwajin ji na jarirai ba ya ciwo, kuma 'yan mintoci yake ɗauka yaro yana barci. Ɗaya nau'in yana aika ɗan sauti cikin kunne ya saurari amsar da kunnen ciki ke mayarwa. Ɗayan yana auna saƙon da jijiyar ji ke kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma shi ya fi dacewa da bakwaini, domin shawara jijiyar take lalatawa. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Farfesa Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas tun tsakiyar shekarun 2000 cewa ana iya wannan gwaji a asibitin haihuwa da wuraren rigakafi a ƙasar nan. A Arewa akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. Iyayen bakwaini su tambayi likita batun gwajin kafin a sallame su, kada a bari sai yaro ya shekara uku bai yi magana ba a ce nauyin baki ne.

Abin da ke hannunmu

Hanya mafi sauƙi ta mayar wa bakwaini da sautin da ya rasa ita ce goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru. Dakta Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Ana kwantar da yaro fata da fata tsakanin nonon uwa, a ɗaure da zane. Kunnensa na manne da ƙirjinta, bugun zuciyarta ya dawo masa, muryarta ta sake biyowa ta cikin ƙashi. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi shi a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya ƙunshi jarirai fiye da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Fara goyon nan da nan bayan haihuwa ya rage mace-mace a kwana 28 na farko da kashi 25 cikin 100. A 2022 hukumar ta mayar da shi shawara ga duk bakwaini, sa'a 8 zuwa 24 a rana. Uba ko kaka ko ƙanwar uwa na iya karɓa idan mai jego ta gaji.

Al'adarmu ta riga ta san darajar kunnen jariri. Abu na farko da ake yi wa ɗan Musulmi shi ne huɗuba, a sunkuya a raɗa masa kiran salla a kunne. Muna da waƙoƙin reno da kirarin da kakanni ke yi wa jikoki. Amma akwai kunyar ɗan fari, wadda ke sa yarinya ta zauna gefen kwalbar ɗanta ta yi gum, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ga tsoro da ke ɗaure bakin kowace uwa idan ta ga wayoyi da bututai a jikin ɗanta. Alkunya abin yabo ce a muhallinta, sai dai a ɗakin jinya tana hana yaro abin da yake matuƙar bukata. Uwar miji ko uwar mai jego ita ce ta fi kowa ikon warware wannan da kalma ɗaya: "Yi masa magana, 'yata, yana jin ki." Nas ma za ta iya faɗin haka tun ranar farko. Abin da uwa za ta faɗa ba sai an tsara ba. Addu'a, karatu, waƙar reno, ko labarin yayyensa da ke jiransa a gida, duk sun wadatar, muddin da murya ƙasa-ƙasa ne, a lokacin da yake farke ko yana shirin barci.

A ɓangaren asibiti, yawancin gyaran ba ya cin kuɗi. A rufe tagar kwalba a hankali, a daina rubutu ko ajiye kaya a kanta, a lulluɓe ta da bargo mai kauri, a kashe ƙararrawa da zarar an amsa ta, a tsiyaye ruwan da ya taru a bututu, a yi miƙa aiki nesa da gadaje, a ware sa'o'in hutu da za a rage haske da motsi. Masu gina sababbin sassan jarirai su nisanta su da janareta, su kuma tanadi gado ko kujerar da uwa za ta zauna kusa da ɗanta dare da rana. Dokar da ke ɗaukar uwa a matsayin 'yar ziyara mai zuwa ta ba da nono ta fita, ya kamata hukumomin lafiya su sake duba ta. Muna kashe miliyoyi wajen sayen kwalabe da injunan oksijin, kuma ya dace mu kashe. Amma uwar da ke zaune a barandar asibiti tana jiran a kira ta tana ɗauke da jinyar da babu injin da ke bayarwa, kuma shigar da ita ciki shawara ce da kowane shugaban sashen jarirai zai iya yankewa gobe da safe.